Rasuwar Hajiya Ummu Hani Tamba, Mai Nazarin Harkokin Ƙungiyarmu

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Haɗin Kan Manoma da Masu Casar Shinkafa ta Bakin Rima ta samu labarin rasuwar jami'arta mai nazarin harkokin kasuwanci, Hajiya Ummu Hani Tamba, wadda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata a gidanta da ke Gesse, Birnin Kebbi.

Al'adarmu tun kafuwar ƙungiya ita ce idan babba ya yi magana a taro, sai kowa ya ce an amince, a shafa fatiha. Marigayiya ce kaɗai ke neman izini cikin ladabi, ta tambayi wace matsala ce ake son magancewa. Shekarar da shinkafarmu ta riƙa kakkaryewa muka yanke shawarar sayen sabon inji, ita ce ta je Zauro da Argungu ta zauna da mata masu turara shinkafa, ta gano cewa injin lafiyarsa lau, wurin shanya ne babu. Aka yi daɓe, 'yan kasuwar da suka guje mu suka dawo.

Ta rasu tana cikin binciken yarjejeniyar da za ta ɗaure mu mu miƙa duk amfanin gonarmu ga mai saye guda, tsawon damina biyar. Abin da ta iya gaya wa Majalisar Zartarwa shi ne a dakata, domin ba ta ga inda manomi zai nufa ba ranar da mai sayen ya ce bai so. Ba ta kammala ba. Majalisa ta tsayar da ranar Laraba, washegarin addu'ar bakwai, domin sa hannu, kuma cikin waɗanda muka kafa ƙungiyar nan ni kaɗai na rage, muryata ba ta kai ƙarshen zaure.

A madadin Shugaba, Alhaji Abdussamadu Riskuwa, da dattawa da ɗaukacin mambobi, muna miƙa ta'aziyya ga maigidanta, Malam Nu'uman Abbas, da 'ya'yanta Faruk da Zakiyya. Allah Ya gafarta mata, Ya sa Aljanna ce makomarta, Ya ba iyalinta haƙurin jure rashi. Mu kuma Allah Ya ba mu wanda zai nemi izinin tambaya ranar Laraba, kafin a shafa fatiha.

Alhaji Maigandi Kalilu Zauro
Kakakin Ƙungiya