Damin da Mai Gari Ya Ƙi Karɓa

Daren Talata, bayan girbin gero

Tun shekarar da anka kafa turken siminti tsakiyar gonata, anka ce rabi Najeriya rabi Binin, hankalina bai kwanta ba. Gonar ga, kakan Mai Gari ya ba kakana. Kowace kaka muna kai dami guda gidansu, su kuma su tsaya muna. Iyakar mulkin da na sani ke nan.

Yau na kai damin, Mai Gari ya ce in koma da shi.

"Malam Dikko, ba ni cin abin da ba ni iya karewa. Takarda ta zo, wurin ya koma hannun gwamnati."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wace? Ta ƙaramar hukumar Bagudo ko ta jandarmomin ƙetare?" Sai ya sunkuyar da kai.

Ko shekarar yunwa ba a taɓa mai da dami ba.

Na tari Malam Sani, malamin firamare, da tambaya, ya ce wai gwamnati yarjejeniya ce, mutane sunka taru sunka miƙa wuya don a tsare su. Ina anka yi taron? Wa ya tsaya ma gidanmu? Ni dai ranar zaɓe yatsana suke shafa ma tawada, su ɓace.

Jiya an ga baƙi uku da igiyar awo gindin turken, ba su yi ma kowa sallama ba.

Gobe zan ɗauki damin bisa kai har sakatariyar Bagudo. Wanda duk ya ce shi ke da ikon gonar ga, ya fito ya karɓa, ya gaya mini sunansa da na ubansa.