Harsashin da Na Tarar a Bindigar Nasiriyya

Zuwa ga Alhaji Mamman, shugaban zumuntarmu ta masu sana'ar hannu a Riyad.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ranka ya daɗe, da fatan kana lafiya, kai da iyali da jama'ar da Allah ya ɗora maka. Ni ne Habu mai fenti, na warsha, wato shagon aikinmu, da ke unguwar Sulay. A gaban mutane ka ambaci sunana ranar Juma'a, shi ya sa na ga ya dace amsar ma ta zo a gaban mutane. Ba rashin kunya ba ne.

An gaya mini ka ce na watsa maka ƙasa a ido: ka haɗa ni da wani Balarabe a unguwar Nasiriyya in fesa wa bindigoginsa na farauta fentin hana tsatsa a gidansa, na tattara kayana na bar aikin. Haka ne, na bar shi. Amma direban gidan da ya kawo maka labari rabi ya kawo, ga sauran.

Na ɗaya. Wannan fenti ba irin na ƙofa ba ne. Idan an fesa, sai an sa ƙarfen a tanda ya gasu kafin ya kama. Maigidan har tandar lantarki ya saya, ya kunna ta tun kafin in iso, don yana gaggawar fita daji da abokansa tunda sanyi ya shigo.

Na biyu. Mahaifina maharbi ne. Bai bar mini gona ba, amma ya bar mini ɗabi'a guda: ba a karɓar bindiga daga hannun kowa, ko ɗan'uwanka ne, sai ka buɗe ta da kanka ka leƙa. Maigidan ya miƙo mini ta farko yana rantsuwa babu komai a ciki, tun bara take rataye. Na yi murmushi na buɗe. Alhaji, harsashi ne kwance a ciki, wanda da ya shiga tanda da ya tashi. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba tun zuwana ƙasar nan. Tsaye nake tsakaninta da tanda mai zafi, a ɗaki rufe, 'ya'yansa na wasa a bayan ƙofa.

Na uku. Bindigogin uku ne, sauran biyun ashe na abokansa ne. Masu su ba sa nan, takardun izininsu ba sa nan, ni kuma iƙamata, takardar zamana a ƙasar, mai fenti ta ce, ba ta ce maƙerin bindiga ba. Kai ma ka sani, idan abu ya lalace a nan, baƙo ake fara tambaya.

Abin da direba bai gaya maka ba shi ne, mutumin bai yi fushi ba. Da na ɗora masa harsashin a tafin hannu, zama ya yi a kan bokitin fenti da farar rigarsa. Daga baya shi da kansa ya zuba mini gahawa, ya raka ni har bakin titi. Mutumin kirki ne, mantuwa ce irin ta ɗan Adam. Wannan ne ya sa nake da yaƙinin za a iya gyara lamarin cikin sauƙi.

Sunana da aka taɓa bai dame ni sosai ba, ruwa ba ya tsami banza amma yana kwantawa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne jin cewa ka ba Ɗanladi aikin, zai je Asabar mai zuwa. Ɗanladi gwani ne, hannunsa ya fi nawa laushi a feshi, wannan ko a gabansa zan faɗa. Sai dai a kan motoci ya koyi sana'a, bai taɓa riƙe bindiga ba. Kuma mutum ne mai kunya, idan babba ya rantse masa ba zai duba ba.

Don haka ina roƙon abu uku. Ka kira maigidan da kanka, tun da yana jin maganarka, a ce kowace bindiga mai ita ya zo da takardarsa, ya buɗe ta a gaban mai fenti. A yi feshin a tsakar gida inda iska ke shiga. Sannan ka bar ni in raka Ɗanladi. Aikin nasa ne, ba na neman komai a ciki. In tsaya kusa da shi kawai in leƙa kowacce kafin ta shiga hannunsa.

Na san ka, Alhaji. Kai ne kake bin asibitoci idan ɗayanmu ya kwanta, kai ne kake kiran gida idan an yi rashi. Ba na son kiran da za ka yi wa matar Ɗanladi a Funtuwa ya wuce na gaisuwa.

Allah ya ƙara maka lafiya da haƙurin zama da mu, ya sa ka gama da duniya lafiya. Ina jiran kiranka kafin Asabar.

Wassalam.

Naka,
Habu mai fenti, Sulay, Riyad.