Umarni na Takwas

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana hawa bene ba sanda. Baba kuwa yana nan yana rigima da likita a kan gishiri.

Na ba Kawu wannan takarda ya kawo maka hannu da hannu, don maganar ba ta waya ba ce. Ka tuna manhajar da ka rubuta mana kafin ka bar ofishinmu, wadda muke duba bayanan marasa lafiya da ita ta hanyar buga umarni a baƙin allo? Ka tsara ta yadda in mutum ya buga rabin kalma ya danna maɓallin Tab, sai ta ƙarasa masa. Ka kuma ce kada a loda komai tun farko. Kowane ƙaramin umarni da nasa fayil, sai an danna Tab take leƙa ma'ajiya ta ɗauko abin da ta tarar ta kunna. Kowa ya yaba maka, don kwamfutocinmu sun daina nauyi.

Ranar Talata da safe na buga sunan manhajar na danna Tab. Umarni bakwai na sani, sai ga takwas, na ƙarshen sunansa "kwashe". Na buɗe ma'ajiyar na same shi a tsakanin naka, an ajiye shi makonni shida da suka wuce. Na karanta shi. Duk lokacin da aka danna Tab, sai ya kwafi sunayen mutane da ciwonsu ya tura waje. Mu tara ne a ɗakin nan, Yaya, kuma kowa na danna maɓallin sau ɗaruruwa a rana. Kuma da makullinka na sirri na buɗe ma'ajiyar aka shiga aka ajiye shi, wanda ka ce mini ka soke.

Na cire fayil ɗin, na gaya wa Manaja, amma ban faɗi sunanka ba. Ya ce masu bincike za su zo ƙarshen wata, kada kowa ya taɓa komai. Jiya kuma Dogo, mai teburin da ke kusa da taga, wanda ba ku taɓa shiri ba, ya tambaye ni lafiyarka da inda kake aiki yanzu, yana murmushi. Ruwa ba ya tsami banza.

Ban yarda kai ne ba. Amma ka zauna ka tuna wa ka taɓa bar wa kwamfutarka a buɗe, ka ba Kawu amsa kafin ya juyo. In masu binciken sun tambaye ni ba zan yi ƙarya ba, don haka ka ba ni gaskiyar da zan faɗa.

Ka gaida Anti da 'yan biyu. Inna tana gaishe ka, ba ta san komai ba.

Ƙanwarka,
Auta