Bakan da Aka Rataye a Bango

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan ciwon gwiwa ya yi sauƙi. Ya jikin Inna? A gaishe mini da Yaya da yaranta.

Ni lafiyata ƙalau, kada ku damu. Har yanzu ina wurin koyar da harbin kibiya, sai dai an ɗauke ni daga teburin sassaƙa.

Baba, na yi bakan yadda ka koya mini. Na busar da itacen a inuwa, na kankare shi a hankali, na ɗaura tsirkiya. Maigidana ya ce a gwada shi da nasu na faiba, wata irin roba mai ƙarfi, wanda inji ke yi. Da safe nawa bai ba ni kunya ba. Amma wurin akwai danshi, kafin azahar ya saki, kibiya tana faɗuwa tun ba ta kai allon da ake harbi ba. Nasu kuwa ko gezau.

Maigidan ya dafa kafaɗata ya ce, "Yana da kyau, mu rataye shi a bango." Yanzu aikina shara da tsinto kibiyoyi. Ba komai, aiki ne.

Itacen da ka ajiye mini, kada ka wahala wajen aikowa. Amma in akwai abin da kake shafawa saboda danshi, Yaya ta rubuto mini, ko da yake ban san ko za su bari in sake gwadawa ba. In maƙwabta sun tambaya, ka ce musu ɗanka yana can yana yin baka.

Ka sa mini albarka.

Ɗanka.