Daddawar Ƙarshe

Assalamu alaikum Tsohuwa,

Ya jiki, ya mutanen Dayi? An gama yankan dawa?

Ni lafiya lau nake a Turai, ki daina sa ƙanwata Kausar tana duba wuyana a hoto ko na rame. Abincinsu ne kawai ba ya riƙe ciki. Jiya na kaɗa miyar kuka da ragowar daddawarki. Abokin zamana ya toshe hanci ya ce, “Mus'ab, me ya mutu?” Na yi dariya, na zauna na cinye abina ni kaɗai.

An ce hannunki ya fara rawa, kin daina dafa kalwa. Kada ki wahala saboda ni. Ki sha magani, ki jira ni zuwa bazara. Ko ruwan zafi kika ba ni, zan sha.

Allah ya ƙara lafiya.

Jikanki,
Mus'ab