Kawunan Kifi Bakwai da Na Dafa

Usi Lien, don Allah ki taimake ni kafin Juma'a, ranar da jirgin ruwan mijina zai dawo garinmu Ambon.

Watanmu goma da aure. Mijina Dahlan ɗalibin Farfesa Marthina ne, wadda ta fara aiki tun ana yi mata dariya wai mace ce mai bin masunta tana roƙon idon kifi. Shekara arba'in tana nazarin yadda kifayen can ƙasan teku suke gani cikin duhu. Yau likitocin da ke duba masu dundumi rubutunta suke karantawa, da yawansu ma ta hannunta suka bi. Dahlan ba ya gama cin abinci bai ambace ta ba. Ni kuwa karatuna ƙananan littattafan soyayya ne, kwali biyu gare ni a ƙarƙashin gado, kuma ina jin su suka ja mini.

Makon jiya, yana teku, Farfesa ta aiko za ta biyo ta gaishe ni, yadda take yi wa matan ɗalibanta in mazan sun yi tafiya. Iskar gabas ta hana masunta fita, kasuwa sai busasshen kifi. Na buɗe firij, can ƙarƙashin ƙanƙara na ga ƙunshi cikin baƙar leda ninki uku: kawunan kifi bakwai, kowanne da ido kamar ƙwan tattabara. A littattafaina miji yakan ɓoye wa matarsa wani abu ya tafi, ta gano shi ranar da ta fi bukata. Har murmushi na yi ni kaɗai. Na yi miyar kurkum da lemun tsami, na tuƙa tuwon garin sago, na zaɓo ido mafi girma na sa wa baƙuwa a kwano, yadda uwata ta koya mini a yi wa babba.

Ta daɗe tana kallon cokalin. Ta tambaye ni kawuna nawa ne, na ce bakwai. Ta cinye, ta goge tabarau, ta ce, "'Yata, tun ba a haife ki ba nake leƙa irin wannan idon, ban taɓa sanin yana da daɗi haka ba." Sannan ta yi mini bayani, ba faɗa. Firijin ɗakin gwajinsu ne ya lalace, Dahlan ya kawo su gida ajiya. An naɗe su ne don haske yana ɓata abin da ake nema a cikin idon. Sau ɗaya a shekara ake samun kifin, kuma a kansu digirinsa na uku ya tsaya. Da za ta tafi ta ce ita ba za ta gaya masa ba, aikina ne.

Maƙwabciyata Sarni ta ce in bar sakarci, ta san mai kifi masu manyan idanu a kasuwa, in naɗe bakwai in mayar, wai namijin da bai san inda gishiri yake ba ina zai gane kan kifi. Dahlan bai taɓa ɗaga mini murya ba, ban san wane mutum zan gani in na faɗa ba. In mayar da wasu?

Mai Kwali Biyu

Ƙanwata,

Kada ki saya ko kai ɗaya. Mijinki bai san inda gishiri yake ba, amma kan kifi shi ne sana'arsa. In ya gane, kin ƙara ƙarya a kan kuskure. In kuma bai buɗe ledar ba ya kai wa Farfesa, abin ya fi muni: ita ta ci idon da bakinta, za ta ga ɗalibinta riƙe da kawuna bakwai da ta san ba su nan, ba za ta iya rabe ko da saninsa ne ba. Mai bincike yana iya rasa shekara ya tashi. In aka daina yarda da abin da ya kawo, ya gama.

Laifin ba naki kaɗai ba ne. Wanda ya ajiye aikin shekara a inda ake ajiye cefane, bai rubuta komai a jiki ba, bai ce wa matar gida uffan ba, yana da nasa kason. Amma kada ki fara da wannan, bari ya gano da kansa. Naki shi ne kin ga ninki uku, kin zaɓi bayanin da ya fi daɗi maimakon ki dakata.

Ki bari ya yi wanka ya ci abinci, ki faɗa masa a taƙaice, har da cewa Farfesa ta sani. Zai iya yin shiru kwana biyu, ki ƙyale shi, ba ƙiyayya ba ce. Ki lura kuma, matar da ta cinye idon ta yaba miyarki ba ta yi kama da mai shirin korar ɗalibi ba. Daga baya ki roƙe shi ya kai ki ɗakin gwajin ki ga abin da yake nema a idon nan. Wata goma kina jin sunan Farfesa, ba ki san aikin mijinki ba, shi ma bai nuna miki ba.

Allah ya dawo da jirgin lafiya, ya ba ku kifin baɗi. Ranar Juma'a dai ki dafa kaza.

Usi Lien