Kumburin Wuyan Malam Siddiƙu

Minanata, Sakkwato
4 ga Maris

Yaya Iyatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da ɗiya. Ya ƙafar taki?

Maigidana Malam Siddiƙu yana nan yana fama. Raina bai kwanta da sabon maganin kansar da ƙanensa Hayatu ya nemo masa ba. Ƙarin ruwa ne duk bayan sati uku, ba amai, ba zubar gashi. Wane irin magani ne wannan? Ƙullutun wuyan ma ƙara kumbura ya yi, har ba ya iya juya kai ya yi sallama a salla. Wai likitar ta ce cutar ce ta sa sojojin jiki da ke kewaye da ita barci, maganin ya tashe su, kumburin taruwarsu ne. Na ji ta ne kawai.

Rawar kan Hayatu ta yi yawa, kuma makullan shagon hatsin Malam suna hannunsa. Biri ya yi kama da mutum. Ba na barin shi da Malam su biyu.

Ƙanwarki,
Murja


19 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ki, da fatan kowa lafiya.

Kumburin ya sauka, amma likitar ba ta yi murna ba. Ta ɗebi ɗan nama ta duba, ta ce sojojin sun janye, cutar ta samu fili. Ta tambaya ko ana ba shi wani abu a gida. Malam ya ce a'a, amma maganganun da na daɗe ina zuba masa a kan Hayatu sun yi aiki, shi ya zarga. Ya karɓe makullansa, ya hana Hayatu shiga gidan. Na ji kukan Hayatu daga zaure.

Jiya likitar ta nuna mini irin abin da take zargi: 'yan fararen ƙwayoyin kemis masu saukar da kumburi, su ne ke sake kwantar da sojojin. Yaya, sati biyar ke nan ina daka su cikin furarsa. Tausayinsa na ji, wallahi ba wani abu ba.

Gobe za mu koma asibiti, kwalin ƙwayoyin yana cikin jakata. Tsoro nake ji, ban san da wane baki zan fara ba. Yanzu daga hannuna kaɗai Malam yake yarda ya ci abinci.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Murja